Littafin aikin tsaron unguwa: mako 12 na fitilu, ƙofofi da sarƙar waya

4 ga Janairu

Zaman farko. Aikin ya shafi gidaje 64 a layuka uku, da lungu ɗaya mai haɗa layi na biyu da babban titi, da wani kango, da filin da ke bayansa. Wakilan gidaje 38 ne suka halarta. An tsayar da dokoki uku aka rubuta su a shafin farko: ba a ɗaukar makami, ba a tare mutum ko a caje shi, aikin mazauna shi ne su gani, su rubuta, su kira 'yan sanda. Masu zafin kai sun so a fara sintiri a daren nan. An dakatar da su har sai an san inda ɓarnar take da lokacin da ake yin ta.

Kuɗi: kowane gida zai ba da gudummawa daidai da ta kowa, kuma a wannan littafi za a riƙa kiran gudummawar gida ɗaya "kaso". Da shi za a lissafa komai, don hawa da saukar farashi kada su rikita lissafi.

An ɗan yi bayanin asalin irin wannan tsari ga masu shakka. Ƙungiyar shugabannin 'yan sandan gundumomi ta Amurka ta mai da shi shirin ƙasa a 1972, a Ingila kuma ƙauyen Mollington da ke Cheshire ne ya fara a 1982. Bitar bincike da masana Bennett da Holloway da Farrington suka fitar a 2008 ta nuna raguwar laifi tsakanin kashi 16 zuwa 26 cikin 100 a wuraren da aka gwada shi. Sai dai wannan matsakaici ne, akwai wuraren da bai sauya komai ba. Allon da ake kafawa a bakin layi ba ya korar ɓarawo shi kaɗai, saboda haka ba za a sayi allo yanzu ba.

11 ga Janairu

An gama bi gida-gida da takardar tambayoyi. Gidaje 55 sun amsa. An tambayi abin da ya faru cikin wata shida da suka wuce, da inda ya faru, da ta inda aka shiga, da abin da aka ɗauka, da ko an kai rahoto.

Tambayar lokaci ce ta ba da wahala. Da farko an rubuta "da ƙarfe nawa?", sai kusan kowa ya ce da dare, domin da safe ya tarar. An sauya ta zuwa tambaya biyu: yaushe ne ƙarshen ganinka da kayan, yaushe ka fara lura babu su? Da aka sake zagayawa da wannan, hoton ya juye.

An samu aukuwa 23: shiga gida 9, satar babur ko keke ko batirin mota 6, fizgen waya 5, ɗauke kaya a tsakar gida 3. Tara kawai aka kai wa 'yan sanda. Da aka ɗiga su a kan taswirar da aka zana da hannu, 14 sun taru a wuri biyu, bakin lungu da gidajen da bayansu ke kallon kango. Gidaje huɗu an taɓa su fiye da sau ɗaya. Shida daga cikin shiga gida tara da rana aka yi su, tsakanin ƙarfe goma na safe da biyu na rana, lokacin da gidajen ba kowa. Da an fara sintirin dare a makon jiya, da ana can ana gadin lokacin da ba a cika sata a cikinsa ba.

Taruwar laifi a 'yan wurare ba sabon abu ba ne. Binciken da Sherman da abokan aikinsa suka wallafa a 1989 kan birnin Miniyapolis na Amurka ya gano cewa wajen kashi 3 cikin 100 na adireshi ne ke jawo rabin kiran da ake yi wa 'yan sanda. Shekara goma kafin nan Cohen da Felson sun ce laifi na aukuwa ne idan abu uku suka haɗu: mai niyya, da abin da ya dace a ɗauka, da rashin mai tsaro. Na farkon ya fi ƙarfin mazauna, sauran biyun kuwa a hannunsu suke. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, aikin watanni masu zuwa neman tsagar ne.

15 ga Janairu

Zagayen duba haske, mutum biyar, daga ƙarfe tara na dare. Gwajin mai sauƙi ne: mutum ya tsaya taku goma sha biyu daga gare ka, wajen mita goma, in ba ka iya gane fuskarsa ba, a sa alama a taswira. An samu wurare tara, huɗu a cikin lungu. Biyu daga ciki akwai fitila, rassan itace ne suka rufe ta. Ƙa'idar da za a bi wajen sara: shuke-shuken shinge kada su wuce mita ɗaya, rassan bishiya kuma a ɗage su sama da mita biyu, tsakanin nan ido ya wuce.

18 ga Janairu

An sare rassa, wurare tara sun koma bakwai ba a kashe ko kaso ɗaya ba. Gidaje 51 sun biya. Buga takardu ya ci kaso 1.

25 ga Janairu

An kafa fitilun sola shida masu na'urar jin motsi, kowace a kaso 3, jimla 18. Turaku da siminti da ladan mai walda kaso 5. Huɗu a lungu, tazarar mita 12 tsakaninsu, biyu a bayan gidajen da ke kallon kango. Tsayi mita uku da rabi, don kada hannu ko sanda su kai. An walde kan notin da ke riƙe da kowace fitila, domin fitilar sola ita ma kayan sata ce.

Na'urar jin motsi zafin jiki take kamawa idan ya gitta ta gabanta. Mai tahowa kai tsaye zuwa gare ta sai ya matso sosai take farga. Saboda haka an karkata kowace ta kalli hanya a kaikaice.

Dalilin sa fitila a gaba da komai: bitar Welsh da Farrington kan bincike 13 daga Amurka da Birtaniya ta samu raguwar laifi wajen kashi 21 cikin 100 a inda aka gyara hasken titi, kuma abin mamaki, raguwar ba ta dare kaɗai ba ce, har da rana. Fassarar da suka fi karkata gare ta ita ce wurin da aka gyara yana nuna akwai masu kula da shi.

2 ga Fabrairu

Matsala. Fitilu biyar cikin shida suna mutuwa tun dare bai raba ba, ɗaya ma tana riga sauran mutuwa sosai.

An sauke ɗaya aka buɗe. A kwali an rubuta wat 200, a ciki kuwa batir ne mai volt 3.2 da amfiya-awa 10, wato wat-awa 32 ke nan gaba ɗaya. Da aka auna, fitilar na jan wajen wat 8 a cikakken haske. A raba 32 da 8, awa huɗu. Ba lalacewa ta yi ba, iyakar ƙarfinta ke nan, kuma an bar dukkansu a tsarin cikakken haske tun faɗuwar rana. Lambar wat da ke jikin kwalin irin waɗannan fitilu talla ce kawai. Mai saye ya tambayi girman batir da na farantin sola, in mai kaya bai sani ba a buɗe a gabansa.

An mai da su tsarin haske kaɗan, kashi 20 cikin 100, sai an ji motsi su cika. Wat 1.6 sau awa 12 ya ba da wat-awa 19 da ɗoriya, ragowar ta isa kusan awa biyu na cikakken haske, wanda ya wadatar da lungun da ba a cika bi bayan sha biyu ba.

Wadda ke mutuwa da wuri matsalarta daban. Farantinta wat 10 ne, yana bukatar wajen awa huɗu zuwa biyar na rana mai ƙarfi kafin batir ya cika, amma inuwar bene na rufe shi daga ƙarfe ɗaya. An kafa ta ne da yamma, ba wanda ya tsaya ya duba inda rana ke bi. An matsar da turken mita huɗu. Batirinta ya riga ya raunana, an sauya, kaso 2.

Wata kuma tana kunnawa tana kashewa duk dare, har mai gidan da ke kusa ya yi ƙorafi. Kyanwoyi ne ke bin kan katanga daidai saitin na'urar. An sunkuyar da ita ƙasa kaɗan, an rufe gefen da ke kallon katanga da salatif. Ta shida tana haska idon mai shigowa lungu, duk abin da ke bayanta sai ya zama baƙi ƙirin. Fitilar da ke kashe ido maɓoya take samar wa ɓarawo. An kifa kanta ya kalli ƙasa sosai.

An sa yaran gida biyu goge farantai duk mako biyu, ƙura na rage caji ba kaɗan ba.

9 ga Fabrairu

An kafa sarƙar waya. Gidaje 64 an kasa su rukuni takwas, kowane rukuni gida takwas da ke ganin ƙofar juna, da mutum biyu masu karɓar kira. Tsarin kira: lambar gaggawa ta hukuma tukuna, sannan mai karɓar kiran rukuni, shi kuma ya kira na rukunin gaba.

Gwajin farko ya ɗauki minti 19, kuma ya tsinke a wuri biyu, ɗaya wayarsa a kashe, ɗaya ya ga baƙuwar lamba ya ƙi ɗauka. Gyara: kowa ya ajiye lambobin da suna, in an kira sau biyu ba a ɗauka ba a tsallake zuwa na gaba, na ƙarshe kuma ya kira na farko don a san saƙo ya zagayo. Gwaji na biyu minti shida.

An raba kati mai tsarin ba da rahoto: me ake yi, a ina, ƙarfe nawa, mutum nawa, ina suka nufa. Siffa daga kai zuwa ƙafa. Abin hawa a fara da lamba, ko da haruffa uku aka kama, sannan launi da wata alama kamar fasasshiyar fitila.

Masu son sintiri sun matsa, an amince da gwajin mako huɗu: mutum biyu-biyu, ƙarfe goma zuwa sha biyu, da tocila da riga mai ƙyalli da waya, ba sanda. Mutum 16 suka ba da suna. Kaya kaso 3.

14 ga Fabrairu

Mafi munin ranar aikin zuwa yanzu, kuma sarƙar wayar ce ta jawo.

Da misalin ƙarfe huɗu na yamma aka ga wani saurayi yana kai da komo a layi na uku, yana duba ƙofofi yana kallon waya. Saƙon farko ya ce "akwai wani baƙo yana duba gidaje". Kafin ya kai rukuni na biyar ya zama "ɓarawo na layi na uku". Mutum goma sha wani abu suka fito suka kewaye shi, wani ya riƙe masa jaka. Ɗan aike ne, saƙo ya kawo, lambar gidan da yake nema ta goge. Ba a taɓa lafiyarsa ba, amma tazarar da ke tsakanin hakan da duka ba ta da yawa. Dokar shafin farko an taka ta ƙarara, kuma ba wanda ya kira 'yan sanda.

An ba shi haƙuri a take, an kuma rubuta takardar ban haƙuri zuwa wurin aikinsa. Zaman gaggawa da dare ya gano kurakurai uku. Saƙon bai faɗi wani laifi ba, baƙunta kawai ya faɗa. Kowane mai isarwa ya ƙara gishiri. Kuma sarƙar ba ta gaya wa mutane abin da za su yi ba, sai kowa ya ɗauka fitowa ake nufi.

Sababbin ƙa'idoji: aiki ake kai rahotonsa, kamar taɓa kwaɗo, leƙa taga, hawa katanga, gwada ƙofar mota. Shiga ko launin fata ko harshe ko rashin sanin mutum ba dalili ba ne. Mai isar da saƙo ya maimaita kalmomin da aka gaya masa, ba ƙari. Kowane saƙo ya ƙare da ɗaya cikin biyu: "a duba ta taga" ko "a kulle ƙofa". Babu saƙon da ke cewa a fito. Sunan wanda ake zargi ga 'yan sanda kaɗai ake faɗa, ba ya bin sarƙa, hotonsa ba ya yawo. Wanda aka ga kamar ya ɓata hanya, mutum ɗaya ya gaishe shi ya tambayi gidan da yake nema. Mai gaskiya zai ji daɗi, mai mugun nufi kuma ya san an ga fuskarsa.

An tunatar da zaman abin da ya faru a Sanford ta jihar Fulorida a Amurka a 2012, inda wani ɗan sa-kai na tsaron unguwa ya bi Trayvon Martin, ɗan shekara 17 da ba ya ɗauke da makami, ya harbe shi har lahira. Daga zato abin ya fara. Mutum uku sun fice daga tsarin saboda an hana fitowa.

21 ga Fabrairu

An shiga wani gida a layi na biyu tsakanin sha ɗaya na safe da ɗaya na rana. Yana cikin gidaje huɗun da aka taɓa yi wa. Ta ƙofar baya aka shiga, kuma kwaɗon na nan lafiya lau a kulle. Ƙarfen da ake rataya shi aka ɓanɓare, sukurori huɗu masu tsawon santimita biyu ne ke riƙe da shi a katako. Bayan satar farko mai gidan ya sayi babban kwaɗo ya mayar a kan tsohon ƙarfen.

Laifin tsarin ne. Tun 11 ga Janairu littafin ya nuna gidajen da ake maimaitawa, amma hankali ya tafi kan fitilu. Gidan da aka shiga sau ɗaya ya fi kowane gida haɗarin sake shiga, musamman a makonnin farko, domin ɓarawo ya san hanya, ya san abin da ya bari, ya san za a sayi sabon abin da ya ɗauka. Maƙwabta ma haɗarinsu na ƙaruwa. Binciken Johnson da Bowers a yankin Merseyside na Ingila ya nuna hakan na kaiwa wajen mita 400 har tsawon wata ɗaya zuwa biyu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa.

An ɗauki tsarin da aka gwada a rukunin gidajen Kirkholt da ke Rochdale a Ingila daga 1987, inda shiga gida ya ragu da wajen kashi uku cikin huɗu a shekara uku. Can sun gyara tsaron gidan da aka shiga nan take, suka cire mitocin wuta da na gas da ake zuba wa tsabar kuɗi waɗanda ke jawo ɓarayi, suka kuma nemi maƙwabta shida ko bakwai mafi kusa su sa ido a kan gidan. A nan, cikin awa 48 da kowace sata: a gyara ta inda aka shiga, a sanar da gidaje biyu na dama, biyu na hagu da uku na gaba, da izinin mai gidan, a gaya musu lokutan da gidan ke zama ba kowa, su sa ido mako shida.

Gyaran ƙofa: ƙarfen kwaɗo a ɗaure shi da ƙusa mai noti da ta ratsa ƙofar, kanta mai santsi a waje, noti da faffaɗan faifan ƙarfe a ciki. Inda harshen makulli ke shiga a firam, a sa sukurori masu santimita bakwai da rabi su wuce firam su kama abin da ke bayansa. Sakata biyu a ƙofar baya, sama da ƙasa. An yi wa gidaje huɗun nan daga asusu, kaso 6. Sauran kowa ya yi nasa, kafinta ɗaya zai zagaya.

28 ga Fabrairu

Ranar rubuta lambobin kaya. Gidaje 41 sun yi. Waya: a danna *#06#, lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar mai lamba 15, za ta fito, a rubuta a takarda, kada a ajiye ta cikin wayar kanta. Babur da mota lambar shasi da ta inji, keke lambar firam, yawanci a ƙarƙashin inda feda ke juyawa. Kowane gida shi ke riƙe da takardarsa. An ƙi shawarar tara su wuri ɗaya, jerin dukiyar gidaje 64 a hannu ɗaya kyauta ce ga duk wanda ya same shi. Abin zana alama a ƙarfe, kaso 1.

9 ga Maris

An rufe gwajin sintiri. Daga mutum 16 a makon farko, 11 a na biyu, 7, sannan 5. Cikin dare 28 an fita 19. Abin da aka rubuta: ƙofar gida a buɗe sau shida, fitila a mace sau biyu, ba a ga laifi ko ɗaya ba. Mutanen da ke tashi aiki da asuba ba za su jure wannan ba, kuma lokacin bai dace da na satar ba.

Madadinsa: an tantance gidaje 13 da ake samun babba a ciki tsakanin goma da biyu na rana, masu ritaya da masu aiki daga gida da masu reno. Kowannensu an ba shi gidaje huɗu zuwa biyar da yake hange daga ƙofarsa ko tagarsa. Ba a nemi ya zauna gadi ba, leƙawa ce sau uku ko huɗu da ɗaukar waya idan an kira. Duba ƙofofi da fitilu ya koma zagaye ɗaya a mako.

14 ga Maris

Kyamara. An so takwas, asusu ya ce biyu, kuma biyun sun isa in an sa su daidai.

Ƙa'idar IEC 62676-4 ta kyamarorin tsaro, a bugunta na 2014, ta ce ana bukatar fiksel (ɗigon hoto) 25 a kowace mita don a san akwai mutum, 125 don a gane wanda aka sani, 250 don a tantance baƙo. Kyamara mai faɗin fiksel 1920, a raba da 250, ba za ta tantance fuska ba in faɗin wurin da take ɗauka ya wuce mita bakwai da rabi. Wadda aka saita ta kalli layi gaba ɗaya inuwar mutane kawai za ta ba da. Saboda haka an sa ɗaya a kowane bakin lungu, inda faɗin bai kai mita huɗu ba, a tsayin mita biyu da rabi cikin kejin ƙarfe. In ta yi sama da haka, tsakar kai da hula za a riƙa gani.

Ajiya: megabit 4 a daƙiƙa yana cin wajen gigabait 43 a rana. Kyamara biyu 86, faifan terabait ɗaya zai riƙe kwana 11. Duk mai ƙorafi ya kawo shi cikin mako ɗaya. Ba kyamarar da ke kallon ƙofa ko tagar wani, an rataya sanarwa, an sauya kalmar sirrin da na'urar ta zo da ita, mutum biyu ke riƙe da sabuwar, 'yan sanda kaɗai ake ba hoto. Gaba ɗaya kaso 14.

17 ga Maris

Hoton dare na kyamarar arewa fari fat a gefe ɗaya, sauran duhu. Haskenta na dare ne ke dukan farin bangon da ke kusa yana dawowa. An juya ta kaɗan, bangon ya fita daga hoto. Agogon na'urar kuma ya koma baya da awa ɗaya da minti 12 bayan ɗaukewar wuta, ƙaramin batirin cikinta ya mutu. Hoton da lokacinsa ba daidai ba ƙimarsa a wajen bincike kaɗan ce. An sauya batirin, duba agogo ya shiga zagayen mako, tare da share yanar gizo-gizo daga gilashi.

21 ga Maris

An samu izinin mai kango a rubuce bayan mako biyar ana nemansa. An share ciyawa da bola, an toshe ƙofofin ƙasa biyu da bulo, an kwashe tarin bulon da ke jingine da katangar gidaje uku, wanda tsani ne sosai. Filin ba a kewaye shi da dogon shinge ba, gajere aka yi don a riƙa ganin ciki. A gwajin da aka wallafa a 2018 kan filayen da aka yi watsi da su a Filadelfiya ta Amurka, sharewa da shuka ciyawa da ɗan gajeren shinge sun rage harbe-harbe da kashi 29 cikin 100 a unguwannin talakawa. Mota da bulo kaso 3.

28 ga Maris

Lissafi: gidaje 57 sun biya, an kashe kaso 53, saura 4, an ware su don batiran fitila.

Aukuwa cikin mako 12: shida, a inda tsohon ƙiyasi zai ba da 10 ko 11. Shiga gida ɗaya, fizgen waya ɗaya tun kafin a gyara fitilu, satar keke biyu, kayan tsakar gida biyu. Duk shidan an kai rahoto an karɓi lambar shigar da ƙara. Adadin ya yi ƙanƙanta a ce an ci nasara, mako biyu marasa kyau za su iya goge bambancin. Za a ci gaba da ƙirga da takardar tambayoyi iri ɗaya har wata shida.

Layi na huɗu, wanda ba ya cikin tsarin, an shiga gida biyu a wannan wata. Ko ɓarnar ce ta matsa can ko dama haka suke, babu tsohon lissafinsu da za a gwada. Wakilansu za su zo zaman 4 ga Afrilu, kuma da bi gida-gida za su fara.

Ayyukan Afrilu: sake rubuta lambobin gidaje da manyan haruffa, tsayin santimita goma aƙalla, tunda gogaggiyar lamba ce ta fara rikicin 14 ga Fabrairu kuma ita ke ɓatar da motar 'yan sanda. Fitila ta bakwai a wurin da ya rage a layi na ɗaya, in an samu sabuwar gudummawa. Gwajin sarƙar waya ba tare da sanarwa ba, da tsakar rana. Gidaje 19 har yanzu ƙarfen kwaɗonsu da gajerun sukurori yake, kafinta zai fara da na bayan kango.